Jagora Kan Shan Maganin Homon a Lokacin Ɗaukewar Al'ada

Mata da yawa suna wuce lokacin ɗaukewar al'ada ba tare da sun buƙaci ko da ƙwayar magani ɗaya ba. Akwai kuma waɗanda lamarin ke yi wa nauyi ƙwarai: zafi ya riƙa taso musu daga ƙirji zuwa fuska ko da cikin hunturu, su farka tsakar dare su tarar zani da matashin kai sun jiƙe sharkaf, barci ya ƙaurace musu, rai ya riƙa ɓaci babu gaira babu dalili, gaɓoɓi su riƙa ciwo, sannan bushewar gaba ta mayar da kwanciyar aure abin fargaba. Tushen wannan duka shi ne raguwar istirojin, homon ɗin, wato sinadarin jiki, da ma'ajiyar ƙwan mace ke fitarwa tun daga balaga, wanda ke ja da baya galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55. Maganin da likitoci ke taƙaita sunansa da HRT yana mayar wa jiki wani kaso na wannan homon, kuma har yanzu babu wani magani da ya kai shi kwantar da zafin jiki da gumin dare. Sai dai yana da sharuɗɗa, kuma abubuwa uku ne ke yanke hukunci a kansa: ko mahaifar mace tana nan, shekarunta da tsawon lokacin da ta yi ba ta ga jini ba, da kuma tarihinta game da sankara da daskarewar jini.

Mataki na farko: ki tabbatar ɗaukewar al'ada ce ke damun ki

Ana cewa al'ada ta ɗauke idan mace ta cika wata 12 a jere ba ta ga jini ba, alhali ba ciki gare ta ba, ba ta shayarwa, kuma ba maganin tsarin iyali ne ya tsayar da shi ba. Matsalolin kan fara shekaru kafin haka, a lokacin da jinin ke zuwa wannan wata ya tsallake biyu ko uku, kuma ana iya fara magani a wannan tsakanin ba sai an jira ya tsaya gaba ɗaya ba. Macen da ta haura 45 kuma take da alamun da aka sani ba ta buƙatar gwajin jini kafin a tabbatar mata. Hukumar NICE ta Birtaniya, wadda ta fitar da ƙa'idojinta kan wannan batu a 2015 ta kuma sabunta su a 2024, ta ce bayanin mace ya wadatar, domin homon ɗin da ake aunawa, wato FSH, hawa da sauka yake yi a wannan lokacin, ta yadda gwajin yau zai iya saɓa wa na mako mai zuwa. Gwajin yana da amfani ga wadda ba ta kai 45 ba, kuma ya zama dole ga wadda jininta ya tsaya kafin ta kai 40.

A ƙasashenmu akwai ƙarin dalilin yin taka-tsantsan, domin duk wani zafin jiki da gumi an saba jingina shi ga zazzaɓin cizon sauro ko taifot, kuma mace tana iya shafe watanni tana shan maganin zazzaɓi daga kemis ba ta ga sauƙi ba. Zafin ɗaukewar al'ada yana zuwa kwatsam, ya yi 'yan mintoci ya tafi, wani lokaci ya bar ɗan ɗari-ɗari a bayansa, kuma idan aka sa ma'aunin zafi ba za a ga zazzaɓi ba. Kishiyar wannan kuskure ita ce ta fi haɗari. Gumin dare da ya haɗu da rama da tarin da ya wuce mako biyu yana iya zama tarin fuka, haka nan saurin bugawar zuciya da rawar hannu da rama suna iya fitowa daga matsalar tayirod, ƙullutun da ke gaban wuya. Saboda haka ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranakun da kika ga jini, sau nawa zafin ya taso a yini, da daren da gumi ya tashe ki, na tsawon mako uku ko huɗu. Wannan takarda tana sauƙaƙa wa likita aiki fiye da gwaje-gwaje masu tsada.

Mataki na biyu: ki kai wa likita tarihinki cikakke

Wanda ya fi dacewa ki gani shi ne likitan mata. Asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da asibitin haihuwa na Issaka Gazoby a Yamai suna da sashen kula da lafiyar mata, haka ma manyan asibitocin jihohi. Za a auna hawan jininki da nauyinki, a duba mama, kuma idan akwai zubar jini mara kan gado ko ana zaton ƙari a mahaifa, za a tura ki hoton ciki.

Akwai matan da ba a ba su maganin da ke ratsa jiki gaba ɗaya, ko kuma ba a ba su sai da hannun ƙwararre: wadda take da sankarar mama ko ta taɓa yi, wadda take da sankarar mahaifa, wadda ke zubar da jinin da ba a gano dalilinsa ba, wadda jini ya daskare mata a jijiyar ƙafa ko a huhu, wadda ta yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, da mai ciwon hanta da bai lafa ba. Hawan jini ba ya hana shan maganin muddin an shawo kansa tukuna, haka nan ciwon suga. Mai amosanin jini, da mai ƙiba sosai, da mai shan taba, da mai ciwon ɓarin kai suna iya samun maganin, amma hanyar da za a ba su ta bambanta, kamar yadda zai zo a gaba. Ƙarin mahaifa da ake kira fayibroyid, wanda ya yawaita a tsakanin matan Afirka, yakan motse bayan ɗaukewar al'ada, kuma homon yana iya ɗan raya shi, don haka likita zai so ya san girmansa kafin a fara.

Ki tafi da duk magungunan da kike sha, har da na gargajiya. Maganin tarin fuka mai suna rifamfisin, da wasu magungunan farfaɗiya irin su kabamazefin da fenitoyin, da wasu daga cikin magungunan cuta mai karya garkuwar jiki suna sa hanta ta narkar da homon da wuri, ƙarfinsa ya ragu. Mai shan maganin tayirod kuma tana iya buƙatar a ƙara mata adadinsa idan ta fara haɗiyar istirojin. Ki binciki tarihin gidanku kafin ki je, musamman idan mahaifiya ko 'yar'uwa ta yi sankarar mama ko daskarewar jini da ƙuruciya. Abin da kunya ta fi hana mata faɗa shi ne bushewar gaba da zafi wajen saduwa, alhali shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin magani. Idan furta shi a gaban likita namiji zai yi miki wuya, ki nemi ganin likita mace, ko ki rubuta a takarda ki miƙa.

Mataki na uku: tambayar mahaifa

Wannan shi ne matakin da kuskure a cikinsa ya fi tsada. Istirojin yana sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi kauri. A shekarun haihuwa, homon na biyu mai suna furojestaron shi ne ke taka wa wannan kauri birki, sannan al'ada ta wanke shi duk wata. Idan mace mai mahaifa ta riƙa shan istirojin shi kaɗai, shimfiɗar za ta yi ta kauri babu mai tsayar da ita, kuma a cikin shekaru tana iya rikiɗewa ta zama sankara. An gano haka ne a Amurka bayan an daɗe ana ba mata istirojin zalla, lokacin da binciken da aka wallafa a 1975 ya nuna cewa sankarar mahaifa ta ninka sau da yawa a tsakanin masu shan sa. Tun daga nan ƙa'idar ta zauna: mai mahaifa dole ta haɗa homon biyu, wadda aka cire wa mahaifa kuwa istirojin kaɗai ya ishe ta, sai dai a wasu yanayi na musamman da likita zai tantance.

Ina jaddada wannan ne domin a kasuwanninmu na magani ana samun ƙwayoyin istirojin zalla, irin su Progynova da Premarin, kuma sau da yawa ana sayar da su ba tare da an nemi takardar likita ba. Mace tana iya jin labari daga ƙawarta da aka yi wa aikin cire mahaifa cewa ƙwaya kaza ta raba ta da gumin dare, ta je ta sayo, ta kuma ji daɗinta ƙwarai, ba ta san cewa rabin maganin kawai take sha ba. Maganin wata bai zama naki ba ko da alamunku iri ɗaya ne.

Ana haɗa homon biyun ta hanya biyu. Ga wadda har yanzu take ganin jini, ko kuma ba ta cika shekara da daina gani ba, ana ba ta istirojin kullum, furojestaron kuma na kwana 12 zuwa 14 a kowane wata, kuma bayan ta gama waɗannan kwanaki za ta ga jini kamar na al'ada. Ga wadda ta cika shekara ba ta ga komai ba, ana ba ta duka biyun kullum babu hutu, kuma manufar ita ce kada ta ga jini sam. Idan aka ɗora mai sauran al'ada a kan tsari na biyu, jini mara lokaci zai dame ta. Furojestaron da aka fi so yanzu shi ne mai kama da na jiki, wanda ake sayarwa da sunan Utrogestan, yawanci miligiram 200 a dare na waɗancan kwanaki a tsarin farko, ko miligiram 100 kowane dare a tsari na biyu. Wata hanyar ita ce robar Mirena da ake sanyawa cikin mahaifa, wadda ke kare shimfiɗar har shekara 5, tana rage yawan zubar jini, tana kuma hana ɗaukar ciki.

Batun ciki yana buƙatar a faɗe shi a fili, domin HRT ba maganin tsarin iyali ba ne, kuma mace tana iya ɗaukar ciki alhali tana shan sa. Wadda ba ta son ciki za ta ci gaba da kariya har shekara 2 bayan jininta na ƙarshe idan ba ta kai 50 ba, ko shekara 1 idan ta haura 50. Ga mai sallah da azumi kuma, jinin da tsarin farko ke kawowa duk wata yana tayar da tambaya ta ibada, kuma gara ta kai tambayar ga malami tun kafin ta fara, ta bayyana masa cewa magani ne ke kawo jinin a kan lokaci sananne.

Mataki na huɗu: ta baki, ta fata, ko ta gaba

Istirojin da aka haɗiya yana bi ta hanta kafin ya shiga jini, kuma a can yana ƙara sinadaran da ke sa jini ya daskare. Shi ya sa ƙwayar haɗiya ke ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, tana kuma ɗan ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Wanda aka bayar ta fata, wato filasta ko jel ko feshi, yana shiga jini kai tsaye, kuma a adadin da aka saba bayarwa ba a ga yana ƙara wannan haɗari ba. Saboda haka mai ƙiba, da mai hawan jini, da mai ciwon ɓarin kai, da mai amosanin jini, da duk wadda ke da tarihin daskarewar jini a danginta, hanyar fata ce ta fi dacewa da su. A ganina, inda akwai hali kuma ana samun maganin a kai a kai, kowace mace ta fara tambayar likita game da hanyar fata. Amma gaskiyar kasuwa ita ce ƙwaya ta fi sauƙin samu kuma ta fi araha, kuma ga mace mai ƙoshin lafiya da ba ta kai 60 ba, ƙwayar ba abin gudu ba ce. Maganin da za ki iya samu duk wata ya fi wanda za ki fara ki yanke bayan wata biyu.

A jikin kwali, kalmar estradiol tana nufin istirojin mai kama da na jikin mace. Premarin, wanda aka amince da shi a Amurka tun 1942, ana tace shi ne daga fitsarin goɗiya mai ciki, kuma kwanson Utrogestan yana ɗauke da jelatin da sinadarin waken suya. Wadda wannan ya dame ta ta fuskar addini, ko wadda jikinta ba ya karɓar waken suya ko gyaɗa, ta faɗa wa likita domin akwai madadi. Akwai kuma ƙwaya guda mai suna Livial da ke aikin homon biyun, ana ba wadda ta cika shekara da daina al'ada.

Idan matsalarki ta tsaya ga bushewar gaba, raɗaɗi wajen saduwa, ko yawan kamuwa da cutar mafitsara, ba ki buƙatar maganin da ke ratsa jiki. Akwai istirojin da ake sanyawa a gaba, ko kirim irin su Ovestin ko 'yar ƙwaya irin su Vagifem, kowane dare na mako biyu, daga nan sau biyu a mako. Abin da ke shiga jini daga gare shi kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa ba ya buƙatar furojestaron, kuma ana iya amfani da shi shekaru da yawa. Ana iya haɗa shi da filasta ko ƙwaya idan bushewar ba ta tafi ba. Haɗe-haɗen matsi da ake cusawa, waɗanda ba a san abin da ke cikinsu ba, sukan ƙara ƙona fatar da ta riga ta yi laushi, wani lokaci har su jawo tabo da tsukewa.

Mataki na biyar: ki san girman haɗarin da alƙaluma

Tsoron da ya mamaye wannan magani ya samo asali ne daga watan Yulin 2002, lokacin da aka dakatar da wani ɓangare na babban binciken WHI a Amurka, wanda ya ƙunshi mata fiye da 16,000, bayan an ga ƙarin sankarar mama da ciwon zuciya da daskarewar jini a tsakanin masu shan homon biyu. Miliyoyin mata sun ajiye maganin a faɗin duniya. Daga baya aka lura cewa matsakaicin shekarun matan binciken 63 ne, da yawansu sun daina al'ada fiye da shekara goma kafin a fara ba su, kuma nau'i ɗaya na ƙwayar haɗiya aka gwada. Da aka ware ƙananan shekaru aka duba, sai hoton ya sauya. Matsayar da ƙungiyoyin ƙwararru suka tsaya a kai a yau ita ce, ga mace mai alamu masu takurawa wadda ba ta kai 60 ba, ko kuma ba ta wuce shekara 10 da daina al'ada ba, amfanin maganin ya rinjayi haɗarinsa idan babu abin da ya hana ta sha.

Haɗarin sankarar mama dai yana nan, kuma ya kamata mace ta san girmansa. Wani nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Yamma, cikin mata 100 da ba su taɓa shan homon ba, kimanin 6 za su kamu da sankarar mama tsakanin shekara 50 da 69. Idan aka sha maganin shekara 5 daga 50, ana samun ƙarin mace 1 cikin 50 a tsarin homon biyu na kullum, 1 cikin 70 a tsarin wata-wata, da 1 cikin 200 a istirojin zalla. Haɗarin yana ƙaruwa da tsawon shekarun sha, kuma nazarin bai ga irin wannan ƙari ba a istirojin da ake sanyawa a gaba. A ɗaya ɓangaren kuma, maganin yana hana ƙasusuwa zaizayewa, yana rage karayar ƙugu da ta ƙashin baya, yana kuma dawo da barci. Ba a ba da shawarar mace marar alamu ta fara shi don rigakafin ciwon zuciya ko mantuwar tsufa kawai.

Lissafin ya bambanta gaba ɗaya ga wadda jininta ya tsaya kafin 40, ko aka cire mata ma'ajiyar ƙwai da ƙuruciya. Ita maganin yana mayar mata da abin da ya kamata jikinta ya kasance yana fitarwa ne, kuma rashin shan sa ne ke jefa ƙasusuwanta da zuciyarta cikin haɗari. Ana so ta ci gaba da sha aƙalla har ta kai kimanin 51, ko da ba ta jin zafin jiki.

Mataki na shida: yadda ake amfani da shi a gida

Ana farawa da ƙaramin adadi, a ƙara idan akwai buƙata. Ki sayi maganin a kantin magani mai rajista, ki duba lambar NAFDAC idan a Najeriya kike, ki duba ranar ƙarewar wa'adi, sannan ki ajiye shi a wuri mafi sanyi a ɗaki, nesa da taga da murhu, domin zafin Maris da Afrilu yana lalata magani, musamman filasta.

Filasta irin su Evorel da Estradot ana sauya su sau biyu a mako, misali Litinin da Alhamis. Ana manna ta a ƙasan cibiya, a ɗuwawu ko saman cinya, a fata mai tsafta da ta bushe sarai, wadda ba a shafa wa mai ko hoda ba, kuma ba a manna ta a mama ko kusa da shi. Ki danna ta da tafin hannu na kusan rabin minti, ki guji daidai wurin da ɗaurin zani ko robar siket ke gogawa, kuma kowane sauyi ki koma wani wuri dabam don kada fata ta yi ja. A lokacin zafi gumi yana ɓamɓare ta, shi ya sa ya fi kyau a manna ta da daddare bayan wanka, idan jiki ya huce. Idan ta faɗi, ki sa sabuwa, ki ci gaba da ranakun sauyinki kamar yadda suke. Baƙin zagayen da ɗanko ke bari yana fita da man zaitun. Filasta tana tare ruwa daga ɗan wurin da take, don haka mai damuwa game da wankan ibada tana iya daidaita ranar sauyi da wankan, ko ta tambayi malami, ko kuma ta nemi a sauya mata zuwa jel.

Jel irin su Oestrogel ana shafa shi sau ɗaya a yini a bayan damtse ko cikin cinya, a baza shi sirara a bar shi ya bushe na minti biyar kafin a sa tufafi, sannan a wanke hannu da sabulu. Kada ki wanke wurin, ko ki shafa masa wani mai, ko ki bari fatar yaro ko ta maigida ta taɓa shi, har sai an yi aƙalla awa ɗaya. Ga kakar da ke goyon jika, cinya ta fi damtse aminci, kuma ita ma alwala ba ta kaiwa can.

Ƙwayar haɗiya ana shan ta a lokaci guda kullum. Utrogestan yana sa barci da ɗan jiri, don haka lokacin kwanciya ake shan sa, kimanin awa biyu bayan abincin dare. Idan kika manta da na yau har lokacin na gobe ya yi, kada ki haɗa biyu. A watan Ramadan ana mayar da ƙwaya zuwa bayan buɗa-baki ko lokacin kwanciya ba tare da an rasa komai ba. Idan za a yi miki babban aiki a asibiti, ki sanar da likitan tiyata tun da wuri, domin ana iya dakatar da ƙwayar haɗiya mako 4 zuwa 6 kafin aikin. A doguwar tafiya ta jirgi ko mota, kamar ta aikin Hajji, ki riƙa motsa ƙafafu kina shan ruwa, kuma kada ki ƙara wani maganin jinkirta al'ada a kan naki sai likita ya sani.

Mataki na bakwai: watannin farko

Zafin jiki kan fara raguwa cikin 'yan makonni, amma sai an yi wata uku ake iya yanke hukunci ko adadin ya yi daidai, kuma a lokacin ne ya kamata ki koma asibiti, daga nan kuma sau ɗaya a shekara. Ciwon mama, tashin zuciya, kumburin ciki, ciwon kai da ɗigon jini abubuwa ne da aka saba gani a farko, kuma mafi yawansu suna wucewa. Idan ba su wuce ba, ana rage adadi, ko a sauya nau'in furojestaron, ko a koma daga baki zuwa fata, domin sau da yawa nau'in ne bai karɓi mace ba. Jinin da ya ci gaba bayan wata shida da farawa, ko ya dawo bayan ya daɗe da tsayawa, ko ya zo bayan saduwa, yana buƙatar hoton mahaifa, wani lokaci har a ɗebi ɗan samfuri a gwada. Ki ci gaba da duba mamanki duk wata, ki yi hoton mama da gwajin bakin mahaifa a lokutan da likita ya tsara.

Wasu alamu kuwa ba a kwana da su. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya ɗauke kwatsam, ko ƙirji ya riƙe, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko ido ya yi rawaya, ko kuma ciwon kai mai tsanani irin wanda ba ki taɓa ji ba ya zo, ki dakatar da maganin, a kai ki asibiti nan take.

Mataki na takwas: tsawon lokaci da yadda ake dainawa

Babu wa'adi guda da ya hau kan kowa. Binciken SWAN na Amurka ya nuna a 2015 cewa zafin jiki yakan ɗauki kimanin shekara 7, kuma a tsakanin baƙaƙen fata na ƙasar ya kai kimanin shekara 10, don haka wadda ta ga tana buƙatar maganin fiye da shekara biyu ko uku ba ta fita daga sahu ba. A zaman shekara-shekara ne ake sake auna amfani da haɗari, kuma idan shekaru suka kai 60 ana son a rage adadi a koma hanyar fata. Idan lokacin dainawa ya yi, ana iya tsayawa kai tsaye ko a rage sannu a hankali cikin wata biyu zuwa uku. Ragewa a hankali tana hana zafin dawowa da ƙarfi a farko, ko da yake a ƙarshe sakamakon ɗaya ne. Ya fi sauƙi a gwada dainawa a lokacin sanyi. Mai mahaifa kada ta taɓa ajiye furojestaron ta ci gaba da istirojin, kuma bushewar gaba takan dawo bayan an daina, shi ya sa ake barin maganin sanyawa ya ci gaba.

Wadda ba za ta iya shan homon ba tana da wasu hanyoyi, ko da yake ba su kai shi ƙarfi ba. Likitoci suna amfani da benlafaksin da gabafentin wajen rage zafin jiki, kuma a 2023 Amurka ta amince da sabon magani mai suna Veozah wanda ke aiki a ɓangaren ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki, sai dai yana da tsada kuma yana buƙatar a riƙa gwada hanta. Rage ƙiba, barin taba, rage yaji da shayi mai ƙarfi da daddare, da sanya tufafin auduga suna taimakawa gwargwado. Mai shan tamoksifen saboda sankarar mama ta guji magungunan ciwon damuwa faroksetin da fuluwoksetin, domin suna rage masa ƙarfi, kuma ko istirojin na sanyawa a gaba kada ta fara sai likitan da ke kula da sankararta ya amince.